Shekarar da Aka Daina Jin Muryar Yaya

Yayana bai taɓa kai kunya ɗaya ƙarshe a gona ba sai ya tsaya ya ba da labari. Shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ce mai bi masa. Ƙauyenmu yana gefen hanyar Malumfashi zuwa Funtua, inda ake auna mutum da cikar rumbunsa, don haka tun muna yara Baba ya sallama cewa wannan ɗan nasa ba da fartanya zai ci tuwo ba. Yakan ce ƙarfin da ya kamata a zuba wa yaron nan a damtse, bakinsa ne ya tare hanya ya shanye. Idan muka fita noman firi, sai Yaya ya rataya fartanya a kafaɗa ya shiga kwaikwayon yadda mai unguwa ke gyaran murya kafin ya yi magana, ko yadda Kawu ke ciniki a kasuwa. Mu yi ta dariya, ciyawa kuwa ta samu sararin girma.

Gidanmu gidan Kirista ne. Baba da Inna sun shiga tun suna matasa, lokacin da 'yan mishan suka buɗe majami'a a ƙauyen. Kawu kuwa, wan Inna, ya ce shi addinin kakanninsa bai yi masa laifin komai ba, ya zauna a kansa da tukunyar giyarsa. A majami'ar nan bakin Yaya ya samo masa aikin farko. Akwai wata Baturiya da ke zuwa daga Malumfashi tana wa'azi, Hausarta ba ta nuna ba, sai aka sa Yaya ya riƙa yi mata tafinta idan ya zo hutu daga kwalejin horon malamai. Ita ta faɗi 'yar gajeriyar magana, shi ya ɗauko karin magana, ya kawo misali da jaki, ya biya ta kan surukar wani, sannan ya dawo inda ta tsaya. Wata rana ta ce wa fasto Hausa tana ba ta mamaki, harshe ne mai tsawon gaske. Fasto ya ce haka Allah ya yi shi.

Bai daɗe yana koyarwa ba aka kawo babban aikin gona na gwamnati yankinmu, a tsakiyar shekarun saba'in. Ana neman mai baki da zai bi motar majigi ƙauye-ƙauye, aka ɗauke shi. Fim ɗin da suke nunawa na Turanci ne, a wata ƙasa aka ɗauko shi, yana koyar da feshin auduga. Aikin Yaya shi ne a rage muryar Bature, shi ya yi bayani da lasifika. Ni lokacin na fara koyarwa a firamare, na bi su garin Maska na gani da idona. Bayan magariba aka kafa farin zane a bangon makaranta, gari ya taru. Mutum biyu ne a fim ɗin, ɗaya ya yi feshi, ɗaya bai yi ba. Yaya ya mai da su masu neman auren yarinya ɗaya, alhali babu mace a fim ɗin daga farko har ƙarshe. Ya ce tana bayan bishiyar can, kunya take ji. Mutane suka yi ta miƙa wuya suna leƙe. Da tsutsar auduga ta fito ta cika zanen, ya ba ta murya, ta yi wa raggon manomin godiya, ta ce ya gaishe mata da mutanen gida. Da suka je Tsiga ya sauya labarin, mutum biyun suka koma wa da ƙane masu rigimar gado. Waɗanda suka ga duka biyun suka rantse cewa fim ɗin Tsiga ya fi na Maska kyau.

A kasuwar Funtua wani ma'aikacin gidan rediyo daga Kaduna ya ji shi yana shela. Ya jira har Yaya ya sauko daga kan mota, ya ce ya zo a gwada muryarsa. Da aka gwada, ba a bar shi ya dawo ba.

Bayan an kai auduga fuloti an sayar a shekarar, Baba ya sayo rediyo. Ya ce don jin labarin duniya ya saya, ba don kowa ba. Amma labarin duniyar nan kullum sai ya faɗo daidai lokacin shirin manoma, wanda Yaya ke gabatarwa da yamma. Maƙwabta su zo da tabarminsu, Baba ya ɗora rediyon a kan turmi, ya ja eriya, ya harɗe.

Inna ita ce abin kallo. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ta ce ita ba ta da lokacin zaman jin surutu. Sai dai duk lokacin da shirin zai fara, a nan ne wake ke bukatar tsinta, kuma babu inda ke da hasken tsintar wake a gidan duka sai bayan dangar da ke kusa da turmin. Wata rana da aka gama shirin ta kira ni gefe.

"Ke, mutumin da ke cikin rediyon nan mura yake yi."

"Wane mutum, Inna?"

"Na sani? Wani dai. Kuma bai ci abinci ba ya shiga."

Washegari ta daka citta da kanumfari da masoro, ta ƙulle a leda, ta ce in ba direban da ke zuwa Kaduna. Na ce a ce a ba wa? Ta ce in direban yana da hankali zai gane.

Rigimar da ta fi daɗewa a gidanmu ita ce ta wani tsoho na cikin shirin Yaya. Yaya ya gane cewa manomi ba ya son a ce masa yi kaza, amma yana son jin wautar wani. Sai ya shigo da wani mutum cikin shirin, yana kiransa "wani tsoho a ƙauyenmu". Tsohon nan ba ya jin shawara. An ce a tona rami a gefen masara a zuba taki a rufe, shi sai ya watsa shi sama kamar mai ba kaji tsaba. An ce a yi feshi da safe, shi sai rana ta take, yana tafe iska na mayar masa da maganin a fuska. An ba shi sabon iri, ya ce bai san uban irin ba, ya zuba wa jaki. A makon farko kowa ya yi dariya, har da Baba, wanda ya ce lallai akwai wawaye a duniya. A mako na gaba aka ambaci jakin tsohon, mai yankakken kunne. Jakinmu yana ɗaure a turke, kowa yana ganin kunnensa. Maƙwabta suka fara naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

Da Yaya ya zo Kirsimeti, ko ruwa bai gama sha ba Baba ya tare shi.

"Kai, wane ne tsohon nan da kake talla da shi a duniya?"

"Baba, ai ba kowa ba ne. Ƙirƙirarsa na yi."

"Har da jakin ka ƙirƙira?"

"Jakuna masu yankakken kunne ai suna da yawa, Baba."

"Masu cin irin gwamnati ma suna da yawa? Kai da ba ka taɓa gama kunya ba, yau kai ne malamin noman Arewa, ni kuma ni ne darasin?"

Yaya ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin zai ajiye tsohon. Ya kuwa ajiye shi. Shirin ya koma bayani tsantsa, awon taki da tazarar shuka. Maƙwabta suka rage zuwa. Shi kansa Baba ya fara gyangyaɗi a gaban rediyo. A kasuwar Malumfashi kuma mutanen da da suke kiransa ya zauna ya sha fura, suna tambayarsa lafiyar jaki, suka koma gaisuwa daga nesa. Ba a jima ba Baba ya kira ni ya ce in na sami mai zuwa Kaduna, a tambayi yaron nan ko tsohon nan mutuwa ya yi, don shi bai ji an yi shelar rasuwarsa ba. Tsoho ya dawo, ya ci gaba da ɓarna har shekaru. Baba kuma, a ɓoye, ya fara tona rami yana rufe takinsa. In an tambaye shi sai ya ce wani malamin gona ne ya nuna masa a Bakori.

A farkon shekarun tamanin aka tura Yaya kwas ƙasar waje. Mun san da wannan, ba mu damu ba. Ya dawo, ya aiko da tsaraba, muka zauna jiran murya. Shirin manoma ya zo, sai muka ji wani yaro mai siririyar murya. Muka ce ko hutu yake. Labarai suka zo, ba shi ba. Shirin gaishe-gaishe, ba shi ba. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi firi, shiru.

A ƙauye ba a barin shiru ya zauna babu fassara. Wani ya ce korarsa aka yi, bakinsa ne ya ja masa, dama an faɗa. Wani ya ce sanyin ƙasar Turawa ne ya kama masa maƙogwaro. Mai unguwa ya zo da kansa ya yi wa Baba jaje, ya ce aikin gwamnati rigar aro ce, gona dai ita ce uwa. Matan zumunta na majami'a suka zo gidanmu da gangunansu na tulu suka yi wa Inna addu'a. Kawu ya ce in ana so a kawo masa baƙin zakara, shi ya san inda ake ɗaure murya da inda ake kwance ta. Inna ta ce ita ba ta ma lura an daina jin kowa ba. Amma ta daina tsintar wake, kuma tuwonta ya fara yin gudaji.

Da aka yi hutun makaranta Baba ya ce in shirya in je in gano gaskiya. Ya ce in na tarar ba shi da aiki, kada in yi masa faɗa, in ce ya taho, akwai gonar fadama da ba mai nomawa, ko labarin ne ya zo ya ba tsuntsaye su gudu.

Na isa gidan rediyon da hantsi. Na faɗi wanda nake nema, ina jiran mai gadi ya ce ai ba ya nan. Sai ya miƙe tsaye, ya haɗa ni da masinja. Masinja ya hau da ni bene ya miƙa ni ga wata sakatariya mai buga tafireta, ita kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce oga yana mitin. Na zauna a wani ɗaki mai sanyi kamar randa. Na yi ta jira har na fara tunanin ko wani mai irin sunansa ne. Can ƙofa ta buɗe, sai ga Yaya cikin kwat, ya yi ƙiba, mutane na biye da shi da takardu.

"Malama! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Kai ka rasu, Yaya. An ma yi zaman makoki."

Da na kwashe labari na gaya masa, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ashe girma aka ƙara masa. Shi ne shugaban sashen shirye-shirye gaba ɗaya, shi ke cewa wane zai yi magana, da yaushe, da tsawon lokacin da zai yi. Ya ce ya ɗauka mun sani. Na ce ta ina za mu sani, tunda ba a faɗa a rediyo ba?

Na wuni a ofishinsa ina kallon aikin. Wasu ma'aikata biyu suka shigo suna jayayya a kan rikoda ɗaya da ta rage mai lafiya, kowa na son fita da ita. Wani makaɗi ya zo da 'yan amshinsa yana ƙorafin an yanke masa waƙa daidai inda zai ambaci mai gidansa. Wani babban mutum ya bugo waya yana faɗa, wai an sa sunansa bayan na wanda ya girma. Yaya ya lallashi wannan, ya tsorata wancan, ya ba makaɗi labarin da ya sa ya manta abin da ya kawo shi. Amma da yaron nan mai siririyar murya ya wuce ta bakin ƙofa zai shiga ɗakin watsa shiri, na ga Yaya ya bi shi da ido har ya ɓace. Ya ce mini, "Yaron yana da ƙoƙari. Sauri dai yake yi, kamar ana binsa." Sannan ya jawo wata takardar.

Na koma gida na tara su na yi bayani. Baba ya saurara har ƙarshe.

"To, shugaban su wa ke nan?"

"Shugaban masu magana, Baba."

"Shi kuma ba ya magana?"

"Ba ya yi. Mitin yake yi."

"Wato mutum ya iya abu, sai a saka masa da hana shi yi." Ya girgiza kai. "In haka ne, da ni ma'aikacin gwamnati ne da tuni an ƙwace mini fartanya."

Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Ta ce, "Yana cin abinci dai?" Na ce har ya yi tumbi. Ta ce ita ba ta tambaye ni wannan ba.

Daga nan aka mai da shi ɓangaren talabijin, aka ba shi manaja. Labarin jajen da aka yi bai bar ransa ba, don haka da kaka ta zo ya aiko cewa zai zo da ma'aikatansa su ɗauki ɗibar auduga a gonar Baba, a nuna a talabijin. Ya ja kunne cewa kowa ya fito yadda ya saba fita gona.

Ranar da za su zo, tun da safe ƙauyen ya ɗauki ƙamshin turare. Da motarsu ta tsaya a bakin gonar, abin da suka tarar shi ne maza cikin manyan riguna masu sitaci, kowa da buhu a hannu yana riƙe da shi nesa da jiki. Matan zumunta sun sha anko. Mai unguwa ya naɗa rawani. Hedimasta ya ɗaura laktaye. Har mutanen da ba su shuka auduga ba a shekarar sun zo ɗiba. Wani saurayi mai tsara shirin ya matso kusa da Yaya ya ce a hankali, "Yallaɓai, wannan ai ba gona ba ce, ɗaurin aure ne."

Yaya ya je wurin Baba ya durƙusa.

"Baba, da an sa kayan aiki, da ya fi."

"Kana so a nuna ni a Kaduna da yagaggiyar riga, a ce ga uban manaja?"

"Ai manomi ake son gani, Baba."

"To manomi ne ya yi wanka."

Mutumin da ke juya ma'aikata masu yawa a Kaduna ya kasa sa mutum ɗaya ya tuɓe hula. Ana cikin haka Inna ta ɗaga murya daga inda take, ta ce mini, "Ke, gaya wa wancan awaki sun shiga dawa." Kafin direba ko masinja su motsa, manaja ya kwasa da gudu cikin kwat yana kora, yana kiran awakin da irin kiran da muke yi musu tun muna yara. Ma'aikatansa suka rasa inda za su sa idonsu.

Aka dai ɗauka haka. Mutane suna tsinkar auduga da yatsa biyu suna murmushi ga kyamara. Sai aka zo hira da Baba. Tun da saƙon ya iso yake shirya jawabi, na sha jinsa yana bitarsa a bayan rumbu, tun daga zamanin kakansa har zuwa ra'ayinsa a kan malaman gona. Aka saita masa kyamara, aka miƙo masa abin magana, aka ce bismilla. Baba ya dubi gilashin nan, gilashi ya dube shi. Ya gyara hula. Ya ce, "To. Madalla." Aka jira. Aka sake tambaya. Ya ce ai ya gama.

Gonar Kawu tana iyaka da tamu. Shi tun farko ya ce hoto ba ya cika buhu. Yana can da gajeren wando da tsohuwar malfa, hannu biyu yana ɗiba, ko ɗaga kai bai yi ba. Mai ɗaukar hoto ya gaji da manyan riguna, ya sulale ya tsallaka iyaka ya durƙusa a gabansa. Muna jiyo Kawu yana cewa, "Kai, matsa, kana taka mini auduga!"

Ba wutar lantarki a ƙauyenmu, balle talabijin. Amma Baba yana da aboki a Funtua, wani Alhaji mai sayen auduga, wanda ke da talabijin mai ƙofofi da eriya doguwa kamar giginya. Ya ce mu zo duka. Ranar da za a nuna shirin muka cika a-kori-kura biyu, aka sake fito da rigunan nan. Kawu ma ya hau, ya ce shi gishiri zai saya. Alhaji ya fito da talabijin ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya zaunar da Baba a kujera kusa da shi, ya tara maƙwabtansa yana gaya musu yau za su ga amininsa. Da aka idar da sallar magariba aka kunna.

Abin da ya fara fitowa hannu ne, baƙi, mai kaushi, yana zare auduga da sauri. Kyamara ta hau sama, sai ga malfa, sai ga fuskar Kawu ta cika akwatin. Aka nuna Kawu ta gaba, aka nuna shi ta gefe, aka nuna shi yana danna auduga a buhu da ƙafa. Ya dubi mutanen Arewa duka ya ce, "Kai, matsa, kana taka mini auduga!" Mutanen Funtua suka kwashe da dariya. Mu muka ce yanzu za a zo kanmu. Aka zo. Daga nesa aka hango wasu mutane cikin ado a tsaye a gona, mai bayani ya ce jama'ar gari sun fito tarbar baƙi. Kafin hedimasta ya gama cewa "ga ni can", an wuce. Sai wani malamin gona ya fito ya yi dogon bayani cewa duk manomin da ke son amfani dole ya bi shawarar ma'aikata, ya bar taurin kai. Yana rufe baki sai ga Baba, da hularsa a gyare, ya ce, "To. Madalla." Kiɗa ya tashi, shiri ya ƙare.

Alhaji ya riƙe hannun Baba ya ce wallahi ya yi magana mai ma'ana, gajeriya, irin ta manya. A hanyar komawa ba wanda ya yi waƙa. Mai unguwa ya ce rawaninsa ne farin abin da aka gani a gefen hagu, wata mata ta ce a'a, buhunta ne. Kawu yana zaune a kan taya da ƙullin gishirinsa, ya ce shi abin da ya lura da shi, audugarsa ta fi yadda yake zato kyau.

Da Yaya ya zo Kirsimeti aka yi masa taron dangi a gindin ɗorawa. Ya rantse bai sa hannu a yankan hoton ba. Ya ce da gangan ya bar wa yaransa, don kada a ce manaja ya cika talabijin da danginsa. Baba ya ce to ai an cika ta da dangin uwarsa. Hedimasta ya nemi a sake zuwa. Yaya ya ce za a duba, kalmar da ya koyo a mitin, kuma muka gane daga baya cewa ma'anarta a'a.

Kawu kuwa ya zama sananne. An maimaita shirin har sau da yawa, don gidan talabijin ba su da hotunan gona da yawa. In ya shiga kasuwar Malumfashi, 'yan tebur da direbobi su yi ta kira, "Matsa, kana taka mini auduga!" Da farko yana zaginsu. Daga baya ya fara zuwa kasuwa ko ba abin da zai saya.

Da aka raba jiha aka ba mu tamu, aka kira Yaya gida ya shugabanci rediyo da talabijin baki ɗaya. Wahala ya tarar, ɗakunan aro da kayan aiki na kwashe-kwashe, tumbin ma ya zube. Amma wannan karon an faɗi naɗin nasa a labarai, Baba ya ji da kunnensa, ya sa aka yi addu'ar godiya a majami'a, aka dafa shinkafa aka yanka akuya.

Da muka fito daga majami'a sai muka ga wani dattijo zaune a inuwa, cikin sabuwar babbar riga mai aiki har ciki, da hula, da takalmi sau-ciki. Sai da ya yi magana muka gane Kawu ne. Tunda nake ban taɓa ganinsa da rigar da ta wuce gwiwa ba. Ya yafito Yaya.

"Kai yaro, na ji an ba ka gidan duka. Yaushe mai akwatin nan zai dawo? Ka ga na shirya."

Yaya ya durƙusa, yana danne dariya. "Kawu, ai in ka sa wannan ba za su ɗauke ka ba. Malfar nan suke so."

"Malfar da akuya ta ci rabinta?"

"Ita fa."

"Ba kai ne shugaba ba?"

"Ni ne, Kawu. Za a duba."

Kawu ya dube shi, ya dubi rigar, ya shafa aikin da ke ƙirjinta. Sannan ya naɗe hannuwanta ya ɗora a kafaɗa, ya ce to a zubo masa shinkafar, da nama, tunda dai ya riga ya yi wanka.